Girkin da aka ce a zuba giyar inabi: abinda nake zubawa a madadinta, da yadda ake wanke kayan fiyuta

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da ku mazan da ke aikin kuku a gidajen Ikoyi da Lekki, don na san kuna nan kuna karantawa shiru abinku.

Tun bayan babbar sallah da na yi wa wata Hajiya a Ikeja dahuwar naman sa irin ta Faransawa, wadda ake barinta kan wuta kaɗan-kaɗan har naman ya saki jiki, tambaya ɗaya ake ta min, a waya, a gidan biki, har cikin motar bas ta BRT wata baiwar Allah ta gane ni ta matso tace "Anti dan Allah wannan girkin ai da giya ake yinsa, ke me kika zuba?" Na gaji da amsa wa mutane ɗai-ɗai shi yasa na zauna na rubuta gaba ɗaya. Tambayar da ke bi mata kuwa ta kofuna da butocin nan ce masu ruwan toka da ake kira fiyuta, waɗanda ake tsinta cikin kayan gwanjo ko a kawo tsaraba daga Malesiya, wai ya ake wanke su. Zaki ce me ya haɗa kifi da kaska. Tsami ne ya haɗa su, shi ke gyara miyar shi ke kashe butar, kuma ni da hannuna na kashe guda ɗaya, zan zo kanta.

KASHI NA ƊAYA: GIRKI

1. Ki fara cire "ai wuta na ƙone ta" daga ranki

Wannan maganar ita ce ta fi yawo, har wani shugaban kicin ya taɓa faɗa min ita yana dariya wai ni baƙauya ce. Ba gaskiya bane. Ma'aikatar noma ta Amurka ta auna abin: in aka zuba giya cikin tafasasshen abinci aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 na barasar yana nan. In aka kunna mata wuta ta ci bal-bal irin yadda ake yi a otal don burge baƙi, saura 75. Minti 15 tana dahuwa saura 40, awa ɗaya saura 25, kai har awa biyu da rabi akwai sauran kashi 5. Toh kinga ba zancen ƙonewa.

Hattara a kanti: kwalbar da aka rubuta wai ta girki ce kawai, giya ce sak, gishiri kurum aka ƙara mata. Wadda aka ce an cire wa barasa kuma ki juya bayan kwalbar ki karanta, da yawansu suna da saura har 0.5%, wadda aka rubuta 0.0% ita ce babu. Ni dai duk ban saye, ga tsada ga wasiwasi.

2. Ki gane aikin da take yi a tukunyar

Kuskuren da kowa ke yi shine neman kwalba ɗaya da za ta tsaya a gurbin kwalba ɗaya. Babu ita. Giyar inabi aiki huɗu take yi a girki: ruwa ce da ake kankare ƙanzo da ita, tana da tsami mai yanke maiƙo, tana da ɗan zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, ja daga cikinsu kuma tana da kala da ɗan bauri-bauri. Ke zaki haɗa waɗannan huɗun da kanki daga abinda ke kicin ɗinki. Kafin ki taɓa komai ki duba nawa aka ce a zuba. In cokali biyu ko uku ne, ki sa romo da ɗigon lemun tsami ki wuce, ba mai ganewa. In kofi ɗaya ne ko biyu ko ma kwalba guda, nan ne sai kin zauna kin yi haɗi.

3. Sayayya

Busasshen zoɓo, ki zaɓi mai duhun ja sosai, wanda ya yi fari-fari ya kwana biyu a rana ba shi da ƙarfi. Tsamiya. Lemun tsami. Khal, wato binega, fara da ta tuffa. Dabino ko sukari. Tumatirin gwangwani ko na leda. Sai ƙashin sa da ƙashi ko wuyan kaza na romo. Duk a Mile 12 ko kasuwar Agege zaki gama, ƙashi kuma in kina kusa da kwatar Oko-Oba da safe ki ce wa mahaucinki ya sassara miki. Zoɓo ɗan kaɗan zai miki girki ya fi sau uku. In kina da halin sayen lemon inabi na kwali, ki nemi wanda aka rubuta 100% ba ƙarin sukari.

Kada ki sayi kwalaben nan masu kumfa da ake jerawa kan tebur a biki don girki. Na gwada sau ɗaya da nake sabuwar hannu, naman ya fito kamar an dafa shi da alawa, ƙasan tukunya ya kama ya yi baƙi, maigida ya ci loma biyu yace shi dai a kaɗa masa kuka.

4. Ruwan zoɓo na girki

Wannan daban yake da zoɓon sha, ba citta ba kanumfari ba ɓawon abarba ba sukari ba filebo. Ki ɗebi cikin tafin hannu ɗaya ki ɗauraye sau biyu da sauri saboda yashi, kar ki jiƙa shi a ruwan wankin kalar ta tafi. Ki zuba kofi biyu da rabi na ruwa, ya tafasa, ki rage wuta minti 7 zuwa 10, ki tace da rariya mai laushi. Ki ɗanɗana, ya kamata ya kama miki gefen harshe amma ba har ki runtse ido ba, in ya kai haka ki sirka da ruwa.

Ki dafa shi a tukunyar silba mara tsatsa ko mai rufin tangaran. Tukunyar alminiyam ɗinmu ta gargajiya da tsami ba sa shiri, sai ki ji ɗanɗanon ƙarfe a miya. Kuma dan Allah kada kanwa ko bakin soda su shiga girkin da ke da zoɓo, wasu na jefa kanwa don nama ya yi saurin laushi, nan take kalar zata koma wani shuɗi-shuɗi mai duhu kuma tsamin da kika sha wahalar nema ya mutu. In akwai mai ciki ko mai shan maganin hawan jini a gidan ki sanar da su akwai zoɓo a ciki, ko ki yi amfani da lemon inabi.

5. Awon ja

Duk kofi ɗaya da aka ce na jar giya, ni ga abinda nake zubawa: rabin kofi ruwan zoɓo, rabin kofi romon sa, rabin ƙaramin cokali sukari ko dabino ɗaya da aka jiƙa aka dame. Shikenan. Ba na ƙara khal don zoɓon ya riga ya kawo tsaminsa.

In lemon inabi ne a hannunki sai abin ya juya, shi zaƙi ne ya masa yawa tsami ya masa kaɗan, don haka rabin kofi lemon, rabin kofi romo, babban cokali ɗaya na khal, ba sukari sam. Tsamiya kuma ta fi dacewa da naman rago da na akuya, ki jiƙa kamar girman ƙwai a ruwan ɗumi ki tace, babban cokali biyu cikin kofin romo ya isa. Ita ba ta ba da ja amma tana ba miya wani nauyi da zoɓo ba ya bayarwa, wani lokacin ma haɗa su nake yi.

Romon ki yi shi ba gishiri ba magi. Zai ƙone ya ragu rabi, in kin sa gishiri tun farko ƙarshe zaki rasa yadda zaki yi da shi.

6. Dahuwar kanta

Nan ne aikin yake, kuma yawancin waɗanda ke cewa sun gwada bai yi daɗi ba a nan suke faɗuwa ba a wajen zoɓon ba. Mu ɗauka kilo ɗaya na naman sa, irin mai jijiya-jijiya na wuya ko ƙwauri, shi ya fi jure doguwar wuta.

Ki yanka manya, ki tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe, ki barbaɗa gishiri da masoro da babban cokali ɗaya na fulawa. Mai kaɗan a tukunya mai kauri, ya yi zafi sosai, ki jera naman kada ya hau kan juna, kashi biyu ko uku zaki yi. Ki ƙyale shi. Mu mun saba da juyawa kowane daƙiƙa, a nan ki riƙe hannunki har gefen ya yi ja ya saki tukunya da kansa sannan ki juya. In kika juye kilo guda lokaci ɗaya zai fitar da ruwa ya koma tafashe, ba ƙanzo, in ba ƙanzo kuwa duk abinda zaki zuba daga baya aikin banza ne.

Ki kwashe naman, ki rage wuta, albasa biyu da karas su shiga cikin man su yi laushi, tafarnuwa, sai babban cokali ɗaya na tumatirin gwangwani ki soya shi minti biyu har ya yi duhu. Yanzu ki duba ƙasan tukunya. Ƙanzo mai ruwan ƙasa shi muke so, dukiyar girkin kenan. In ya yi baƙi yana ƙauri toh ki canza tukunya kawai, kada ki kankare shi cikin miya, ɗaci zai bi ko'ina.

Ki zuba rabin kofi na haɗin zoɓon, zai yi cuuu, ki sa cokalin katako ki kankare ƙasan tas har ki ji santsi. Ki bar shi ya ƙone ya ragu rabi, a nan ne kaifin tsamin ke kwantawa. Sai ki mayar da nama da ruwan da ya tsatso a faranti, ki ƙara sauran haɗin, kofi biyu gaba ɗaya ga kilo ɗaya, ki cika da romo har ya kusa rufe naman, tayim da busasshen ganyen nan na jalof guda biyu. Ki rufe, wuta can ƙasa, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Na san kuɗin gas, ni ma ina ji a jikina, in kina da tukunyar furesha minti 35 zuwa 40 ya isa, sai ki buɗe ki bar ruwan ya yi kauri.

Gishiri da magi sai ƙarshe. Ki ɗanɗana: in ya yi tsami da yawa ɗan bota ko sukari kan cokali, in ya yi lami ɗigon khal ko lemun tsami. Kada ki tsorata in jan zoɓon ya koma ruwan ƙasa mai duhu, haka ake so, na masu giyar ma haka yake komawa.

7. Madadin farar giya: kaza, kifi, jatan lande, taliya

Wannan ya fi sauƙi. Kofi ɗaya na romon kaza, babban cokali ɗaya na khal ta tuffa ko ruwan lemun tsami, ɗan sukari a bakin cokali. In kina da lemon tuffa ko na farin inabi ki sa kwatan kofi a ciki ki cire sukarin.

Abu biyu zan ja kunne. Lemun tsaminmu ƙanana kore in ya daɗe a wuta ɗaci yake yi, don haka in girkin mai daɗewa ne khal ce zata shiga da farko, lemun ya jira sai kin kashe wuta. Na biyu, taliya mai kirim ko madara: ki zuba haɗin tsamin tukuna ya ƙone ya kusa ƙafewa, ki rage wuta, sannan kirim ya shiga. In kika matsa lemun tsami kan madara tana tafasa zata tsinke ta yi gudaji kamar zaki yi awara, kuma ba gyara.

Girkin 'yan Sin da ake cewa a sa giyar shinkafarsu, cokali ɗaya ko biyu ne yawanci, ki sa romon kaza da ɗigon khal da ɗan sukari da gurzajjiyar ɗanyar citta.

8. Jiƙa nama kafin gashi

In an ce a kwantar da nama cikin giya ya kwana, ki yi amfani da haɗin zoɓon nan ki ƙara mai cokali biyu da albasa da tafarnuwa. Naman sa zai iya kwana, kaza awa biyu zuwa huɗu, kifi minti 20 kawai in ya wuce tsamin zai fara dafa shi ya dagargaje a kan waya. Gaskiya ni ga kaza kindirmo ya fi min komai. Abarba da gwanda ɗanye suna sa laushi da sauri amma kar su wuce awa ɗaya, naman zai koma kamar an tauna. A roba mai murfi ko kwanon gilashi, cikin firji. In kin san layinku ba a cika barin wuta ta kwana ba kada ki yi na kwana, ki jiƙa da safe ki gasa da rana.

9. Kek

Masu karɓar odar kek na Disamba sun san wannan, kek mai busassun 'ya'yan itace da ake jiƙawa cikin barasa wata da watanni. Ki dafa baƙin shayi mai kauri ki haɗa rabi da rabi da ruwan lemun zaƙi, ki zuba kan zabibin da zafinsa, ya kwana a firji. Daɗi kam yana yi, sai dai ki faɗa wa mai oda gaskiya ba zai yi doguwar ajiya ba, barasar ce ke hana wancan lalacewa, naki a cinye cikin mako ko a sa a firiza. Ki duba kwalbar banila ma, ta asali da ake kawowa daga Amurka dokarsu ta ce sai barasa ta kai kashi 35 cikin 100 a ciki, ki nemi ta gari ko wadda aka rubuta babu barasa.

10. Ajiya

Ruwan zoɓon kwana uku a firji. In kin yi da yawa ki zuba a farantin ƙanƙara ya daskare ki juye a leda, duk sanda zaki kankare ƙanzo ki jefa uku. Lemon inabi ko na tuffa da kika buɗe kada ki bar shi kan kanta a zafin Legas, kwana biyu zaki ga kwalin ya kumbura yana kumfa, abinda kike gudu shi ya fara zama, ki zubar.

KASHI NA BIYU: FIYUTA

1. Ki tabbata shi ne

Mu 'yan Jos mun san kuza, kakana a ramin kuza ya yi ƙuruciyarsa wajen Bukuru, toh fiyuta kuza ce aka narka, sama da kashi 90 cikin 100 a na zamani, aka ƙara mata ɗan jan ƙarfe da wani ƙarfen don ta yi ƙwari. Ki juya gindin abin, yawanci akwai hatimi. In an buga Pewter ko sunan kamfani irin Royal Selangor na Kuala Lumpur, wanda ke wannan sana'ar tun 1885, toh shi ne. In kika ga 925 azurfa ce, in EPNS ne ruwan azurfa aka yi masa, wankinsu daban. In ba hatimi ki auna a hannu, ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau biyu, maganaɗisu ba ya kama shi, in kika ƙwanƙwasa ba ya ƙara rau kamar silba sai wani ɗif, kuma yana da laushi, shi yasa da wuya ki ga tsoho ba lotsawa.

2. Maganar dalma

Kada ki tsallake wannan. Tsohon fiyuta ana haɗa shi da dalma, sai a shekarun 1970 Ingila ta kafa ƙa'idar da ta taƙaita ta. Mu kuwa ba sai an mana bayanin gubar dalma ba, mun ga yaran da aka rasa a Zamfara a 2010. Duk wanda kika tsinta a kasuwar Jankara ko ta Katangowa, ya yi duhu sosai yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, ga nauyi, ba ki san shekarunsa ba, ki ɗauke shi kayan ado kawai. Ba ruwan sha, ba abinci, yara kada su sa a baki. Wanki ba ya cire dalma, cikin jikin ƙarfen take.

3. Ki duba wane irin fuska gare shi

Uku ne. Akwai mai sheƙi kamar madubi. Akwai mai dishi-dishi wanda in kin kalla da kyau zaki ga siraran layuka duk sun bi hanya ɗaya. Akwai wanda aka baƙanta da gangan don zanen jikinsa ya fito. Wannan na ukun ruwa da sabulu kawai, kada ki goge, baƙin nan shi ne kwalliyarsa. Wata maƙwabciyata ta ba 'yar aikinta irinsa tace a wanke ya fita, yarinya ta zage ta dirje shi tas da toka, ya fito fari ƙal zanen ya ɓace, ba laifin yarinyar bane.

4. Wankin yau da kullum

Ki shimfiɗa tawul a ƙasan roba don kada ya bugu. Ruwan ɗumi wanda hannu ke jurewa, ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke, tsohuwar singileti ko soso mai laushi. Lungunan zane ki bi da buroshin haƙori mai laushi irin na yara. Ki ɗauraye, ki goge ya bushe nan take da busasshen tsumma, kada ki kife shi ya tsane da kansa tabon ruwa zai zauna. 'Yan Lekki da Ajah da ruwan bohol ɗinku ke da gishiri-gishiri da ja, ɗaurayar ƙarshe ki yi ta da ruwan leda. Sau da yawa daga nan ma kin gama.

5. Kwaɓin fulawa, ga mai sheƙi kawai

In ya dushe kina so ya dawo: rabin kofi farar khal, rabin ƙaramin cokali gishiri, ki juya har gishirin ya narke gaba ɗaya don ƙwayarsa na karce, sai fulawa kamar kwatan kofi ko fiye har ya yi kaurin kwaɓin wainar fulawa. Ki fara gwadawa a gindi inda ba a gani. Ki shafa da tsumma, ki bar shi minti 15 zuwa 30, ki ɗauraye da ruwan ɗumi sosai har lungu, ki busar, ki murza da tsumma mai laushi. Ki sa ƙararrawa a waya, kada ki shafa ki tafi ɗauko yara makaranta gosulo ya riƙe ki a Iyana Ipaja. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Don ɗan haske na tsakani, ganyen kabeji na waje wanda kike yarwa, ki murza shi a jiki ki goge da tsumma, tsohuwar dabara ce kuma tana yi.

Mai dishi-dishi ba ya buƙatar kwaɓin. In ya karce akwai wata wayar gugar kafintoci mai laushi kamar auduga, lambarta 0000, ki bi layukan a hankali ta hanyar da suka bi, ba zagaye ba. Ba soson ƙarfen wanke tukunya nake nufi ba, wannan ko kusa.

6. Abubuwan da ke kashe shi

Bilic, toka, yashi, soson ƙarfe, garin goge tukunya, injin wanke-wanke na gidajen oga. Man goge azurfa da na tagulla ma ki bar su, an yi su ne don ƙarfen da ya fi wannan tauri.

Wuta. Kuza tana narkewa a digiri 232, fiyuta ma bai kai nan ba yake sakin jiki, kan gas kuwa ya wuce haka nesa. Ba a ɗora butarsa a wuta, ba a sa shi a obin, kuma Hajiya dan girman Allah kada ki ga kwano mai kyau ki ce ya dace da turaren wuta ki zuba masa garwashi, zai huda ya zubo miki kan kafet.

Sai tsami mai daɗewa, nan ne labarin butata. Na same ta a gwanjo, sabuwar ƙira ce mai hatimi, doguwa mai siririn wuya, na yi baƙi ranar suna na zuba zoɓo a ciki don gayu, aka watse na gaji, wata ta tura ta bayan buhun shinkafa a sito da sauran zoɓon a ciki, sai bayan kwana uku na gan ta. Cikin ya yi tabo baƙi-baƙi, in kin sa yatsa kina jin kaushi kamar ƙuraje. Na wanke, na yi kwaɓin fulawa, wajen ya dawo, cikin har yau yana nan yadda yake don ƙarfen ne ya ciwu ba datti bane. In zaki zuba zoɓo ko kunun tsamiya ko lemo a sabon fiyuta, a sha a tashi ki wanke a lokacin. Gishiri da yaji mai gishiri ma kada su kwana a ciki.

7. Ajiya da gyara

Iskar Legas ga laima ga gishirin teku, don haka ya bushe ƙarau kafin ki ajiye. Ki naɗe kowanne daban a tsohon ƙyalle na auduga, kada ki cusa kofi cikin kofi bakinsu zai lanƙwashe. Wanda ke cikin shogilas ki riƙa share ƙura duk sati biyu, ki jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a bayansa.

In ya lotsa kada ki sa guduma, in hannun ya cire kada ki kai wa mai walda na bakin titi, wutarsa zata narkar da shi kafin ya ankara. Maƙerin zinari zaki nema, ki gaya masa kuza ce tun kafin ya kunna wuta. Na kai tawa wajen wani dattijo a nan Agege ko zai iya goge cikin, ya leƙa ya juya ta yace "Hajiya wuyan nan hannu ba zai shiga ba, in na matsa kuma zan huda miki ita", ya miƙo min abata bai karɓi ko sisi ba. Yanzu tana kan firji, cokulan katako nake zubawa a ciki.